Taku Ɗaya a Iyakar Gona

Lazarus ya cusa buhunsa da jarkarsa ƙarƙashin kujerar bas a tashar Tsanyawa, ya zauna, ya ja hula ya rufe rabin fuskarsa. Ta bayan gari ya baro ƙauye, bai yi sallama da kowa ba sai matarsa Susanna. Libiya ya nufa, aikin leburanci. Hatsin da gonarsa ta ba shi bana ya ƙare tun kafin Ista, ga 'yarsa Rachael ta samu makarantar koyon jinya. Sai ya sayar da sansa na huɗa, ya kira wani Nababa a Daura, mai haɗa matafiya da motocin hamada.

Amma ba kunyar tafiyar ce ta sa shi fita a ɓoye ba. Maƙwabcinsa Badaru ne. Gonakinsu a manne suke, layin gamba ɗaya ya raba su, kuma shekara goma sha biyu ke nan kowanne yana zargin ɗayan da tumɓuke ciyawar da damina yana dasa ta gaba. A ƙasar da gona ke bin gona, babu ko wurin ɗaure jaki, taku ɗaya damin gero ne. Mai unguwa ya gaji da su, fasto ya gaji, liman ya gaji. Manya biyu da furfura a gemu, ba su da hira sai ta ciyawa. Don haka tun jiya Lazarus ya sa Susanna ta shanya rigarsa a kan danga don a ɗauka yana gida, ta kuma baza cewa basir ya kwantar da shi, ba ya ganin kowa.

"Bawan Allah, ɗage ƙafarka, ka taka mini kaya," in ji wani daga kusurwa, fuskarsa a naɗe da rawani.

Muryar nan ko daga cikin rijiya ta fito Lazarus zai gane ta.

"Malam Badaru? Ba matarka Safiyatu ta ce ka shiga halwa ta kwana arba'in ba?"

"Na ɗan fito shan iska ne. Kai fa? Ina basir ɗin?"

"Ya lafa. Kunci zan je, duba gwaggota."

"Wadda muka binne bara?"

"Wata ce."

"Allah ya ba ta lafiya. Ni Kazaure zan tsaya, akuya zan taya."

Mota ta tashi. A Kunci direba ya ɗaga murya, "Masu Kunci!" Lazarus ya rufe ido ya hau minshari. Badaru ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Ga garin gwaggo."

"Na tuna, an mai da ita asibitin Daura."

A Kazaure Badaru ya leƙa ta taga, ya ce ya ga alamar akuyoyin garin duk sun rame. Direba ya taka wani rami, jarkoki biyu suka gangaro daga ƙarƙashin kujera, kowacce an ɗinke ta cikin buhu yadda masu ƙetare hamada ke yi don kada ruwa ya yi zafi. Suka dubi jarkokin, suka dubi juna.

"Gwaggon tana shan ruwa da yawa," in ji Lazarus.

"Haka akuyar," in ji Badaru.

Mota ta iso Daura. Da suka sauka, Lazarus ya bi ta dama, Badaru ya bi ta hagu, suka haɗu a gindin darbejiya ɗaya a bayan tasha, inda Nababa ke zaune yana cin gyaɗa.

"Wane ne mutumin Tsanyawa?" in ji shi.

"Ni ne," suka ce tare.

Nababa ya ajiye gyaɗar. "Ku biyu ne? Ni wuri ɗaya na riƙe. An kira ni sau biyu, murya ƙasa-ƙasa, duka biyun an ce mini, 'Kada kowa ya sani, musamman maƙwabcina.' Na ɗauka mutum ɗaya ne mai mantuwa. To, ɗaya ya tafi yau, ɗaya ya koma gida sai wata mai zuwa."

Nan kowa ya shiga lissafi. Wanda ya tafi ya bar ɗayan da layin gamba, ga damina na ƙaratowa. Wanda ya koma kuwa ya koma wa rumbu babu komai.

"Malam Badaru, bismillah," in ji Lazarus. "Kai ne babba."

"Haba! Da kwana tara na girme ka. Kai ke da 'ya a makaranta, ka tafi. Gonarka kuwa kada ka damu, ni zan riƙa duba maka ita."

"Abin da nake tsoro ke nan. Kai ke da baki takwas a gida. Ka tafi, Allah ya kai ka lafiya."

"Wallahi ba zan shiga gabanka ba."

"Ni ma na rantse."

Shekara goma sha biyu ba a taɓa jin ladabi haka a tsakaninsu ba, kuma duk na ƙarya ne. Nababa ya saurara har ya ƙoshi, sannan ya miƙe.

"Ku dattawan nan, kun san inda za ku kuwa? Daga Agadas a bayan a-kori-kura za a jera ku, ƙafa a waje, kowa da sanda ɗaya da zai riƙe a tsakanin cinyoyinsa. Kwana huɗu. Wanda ya yi gyangyaɗi ya faɗo, direba ba ya tsayawa. Akwai wanda na saka bara, har yau matarsa tana kirana."

Badaru ya warware rawaninsa ya share gumi. Lazarus ya ga ashe mutumin ya rame, wuyansa duk jijiya, kuma takalmansa ba iri ɗaya ba ne.

"Akwai wurin can baya, a kan ƙofa," in ji Nababa. "Ba mai sonsa. Mutum biyu za su iya, amma da sanda ɗaya. In ɗaya zai runtsa, sai ɗayan ya riƙe shi. Shi ya sa nake ba 'yan uwa kaɗai."

"Ni wannan zai riƙe?" in ji Badaru.

"Ba zan sake ka ba," in ji Lazarus. "In ka faɗi, garin nan kaf za a ce saboda gona na tura ka."

Badaru ya yi nazari. "Wannan gaskiya ne. Ni ma haka za a ce."

"Rubuta mu," suka ce wa Nababa.

Bayan la'asar aka loda su a motar da za ta kai su Kwangwalam, bakin iyaka. Badaru ya ɗaure jarkokin biyu wuri ɗaya da rawaninsa. Sun yi nisa kafin ya yi gyaran murya.

"Lazarus. Ba a shiga irin hanyar nan da haƙƙin mutum a ka. Shekarar da aka yi fari, ni na matsar da gamba. Taku ɗaya."

"Na sani," in ji Lazarus. "Bayan sati na mayar."

"Alhamdu lillahi."

"Taku biyu."

Badaru ya juyo a hankali. Sannan ya kama hannun rigar Lazarus ya naɗe a yatsunsa, ya damƙe.

"Ba a kai hamadar ba tukuna, Malam," in ji Lazarus.

"Na sani. Da hannunka za ka je ka mayar mini da takuna. Zauna da kyau."