Kwalaben da Bilyana Ba Ta Buɗe Ba

…kuma a rufe suke, Paraskeva. A rufe! Takardar da na liƙa a bakin kowace kwalba tana nan da sa hannuna, ba a ko tsaga ta ba. Almakashin gashin baki na zo nema a durowar banɗaki, ban zo leƙen asirin kowa ba, ki shaide ni, matata, daga kabarin da kike kwance. Ga su jere kamar sojojin da aka manta a bariki: man da na haɗa wa jikarmu Bilyana saboda ƙurajen fuskarta. Ta farkon ce kaɗai aka taɓa. A gabansu kuwa wani ɗan bututun roba, an matse shi har ya lanƙwashe.

Ni, Haralampi Gocev, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a bayan teburin kantin magani mafi daraja a garinmu Kazanlak. Wanda ya ƙware a Latin tun ba a haifi uban likitar da ta rubuta mata wannan bututun maganin ba…

Farar wuta, tutiya, ɗigon ruwan wardin kwarinmu. A niƙa a turmin tangaran har kafaɗa ta gaji, sa'an nan a ƙara niƙawa. Ya busar da ƙurji, ya saɓule matacciyar fata. Wari? Ƙwarai, yana wari. Magani ne, ba turaren amarya ba. Da kumatunta suka yi jawur suna ɓarewa a lokacin sanyi, har ta ƙi zuwa makaranta, ai cewa na yi alamar aiki ce. Haka aka koya mana. Haka ne kuwa… ko?

Na karanta takardar bututun, da tabarau biyu. Wai shi ba ya tsayawa kokawa da ƙurjin da ya riga ya fito. Wai akwai sinadarin balaga da ke umartar fata ta yi ta zubo maiƙo, shi kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa ya hana umarnin shiga, a nan kan fatar. Wato ni ina durƙushe ina goge ruwan da ya malale ƙasa, shi ya wuce ni ya je ya rufe famfo. Wannan… a gaskiya tunani ne mai tsari. Ba zan faɗi haka a gaban kowa ba.

Amma ai na tambaye ta! Da fuskar ta soma lafawa, muna cin banitsa, gasasshen fanken nan namu mai cuku, da safe, na ce, “Yarinya, man kakanki ne ke wannan aiki, ko ba haka ba?” Ta kaɗa kai gefe da gefe, idonta a faranti. I ke nan. Duk ɗan Bulgariya tun yana goye ya san i ke nan. Na sake tambaya wani makon, ta sake kaɗawa. Na ɗauki sandata na nufi gidan gahawa. Stamen, wannan tsohon maƙeri mai bakin tsiya: “Boka, har yanzu kana shafa wa 'ya'yan mutane ruɓaɓɓen ƙwai?” Na ce, “Stamen, jahilcinka ya girmi gemunka. Ka zo ranar Asabar ka ga fuska.”

Asabar. Jibi. Liyafar kammala sakandarenta — doguwar riga, dangi cike da tsakar gida kafin motoci su kwashe ɗaliban suna ihu. Na shirya jawabi. Akwai sashe guda sukutum a kan farar wuta…

Valensiya.

Ya Ubangiji. Valensiya! Can ƙasar waje Bilyana ta tashi, inda ɗanmu ya tafi tsinkar lemo. Bara aka dawo mana da ita. Mutanen can komai a juye suke yi. Sama da ƙasa shi ne i a wurinsu, gefe da gefe kuwa —

A'a. A'a take ce mini, Paraskeva. Kowane karo. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da bakinta ya ji nauyin furtawa ta faɗa da kai, ni kuwa in yi murmushi in miƙa mata sabuwar kwalba. “Na gode, Kaka.” Da hannu biyu take karɓa. A matsayin me ta ɗauke ni? Wanda aka gaya wa ya ƙi ji? Ko tsohon da ake lallaɓawa don kada ya fashe, kamar kofunan aurenmu da ba a shan komai a cikinsu?

Ba Stamen ne damuwata ba. Ya yi dariya har haƙoran robarsa su faɗo. Ita ce. Ita kaɗai ta rage a duniya da ke karɓar wani abu daga hannuna.

Mabuɗi a ƙofa. In mayar da bututun? In rufe durowar, in yi jawabina jibi, ta sunkuyar da kai a gaban dangi? Bututun na nan a hannuna.

“Kaka? Kana ina? Zo ka ga takalman, za ka ce na haukace…”

Ga ta a bakin ƙofa. Fuskar sumul, irin taki ranar da na fara ganinki. Idonta a kan hannuna.

“Kaka… ka yi fushi?”

In na kaɗa kai gefe da gefe, wanne za ta ji, a'a irin nata ko i irin nawa? Ni kaina wanne nake nufi?

Na gaji, Paraskeva. Tana jira… kan kuwa ya yi mini nauyi, na kasa kaɗa shi ko ta ina.