Darma a Kafaɗar Barewa

Wuƙar ta sake yin ƙaras a kan wani abu da ba ƙashi ba. Mastura ta buɗa tsokar da yatsa, ta zaro ɗan ɓarɓashin ƙarfe mai ruwan toka, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta jefa shi cikin ƙaramin farantin shayi, inda guda shida suka riga shi. Ta ja tsaki, ta dubi kafaɗar barewar da ke shimfiɗe a kan katako, ga wani wuri ya yi baƙi ya dagargaje kamar an daka shi a turmi.

Daga falo muryar mijinta Mus'ab ke tashi, karo na uku ke nan yana ba Kawu Haladu labari ɗaya. "Mita ɗari huɗu da ashirin, ya Kawu! Ga iska tana kaɗawa daga hagu."

Shekara biyu ke nan, duk ranar da ba shi da aiki a ɗakunan ajiyar kaya na tashar jiragen ruwa, Mus'ab yana kulob ɗin harbi yana dukan farantan ƙarfe. Jiya ne karon farko da abokinsa Abdulmohsen ya kai shi wani gandun farauta mai lasisi, ya dawo gidansu a unguwar Ruwais da barewa cikin akwatin ƙanƙara. Tun da safe kuwa mahaifiyarsa, Hajiya Sadiyya, ta iso daga unguwar Bagdadiyya da cokalinta na azurfa naɗe a hankici. A gidansu na can Sudan, in ji ta, duk namijin da ya yi harbin fari, ɗansa ne ke fara kurɓar romon. 'Yarsu Haifa, mai wata goma sha huɗu, tana kan cinyarta tana jira ba ta san ana jiranta ba.

"Abu Haifa," Mastura ta kira daga bakin ƙofa. "Ɗan zo."

Ya shigo yana murmushi. Ta miƙa masa farantin.

"Mene ne wannan?"

"A'a, wannan ai ba komai. Ɓarɓashin harsashi ne. Ki tsince, halas, shi ke nan."

"Darma ce ko ba darma ba ce?"

"Darma ce, amma..."

"Kai da bakinka ka cika min kunne wata guda cur, wai harsashi iri biyu ne. Na kulob daban, na dabba daban. Ina wanki kana bayani, ina shayarwa kana bayani. To wanne ka ɗauka jiya?"

Ya sosa ƙeya. "Kin gane, ya Mastura, na kulob ɗin nan fatarsa siririya ce, an yi shi ne don ya tafi nesa ya sauka daidai. Da shi na saba. Na farautar da mai shago ya nuna min, na gwada, yana ɗan kauce min kamar faɗin yatsa uku."

"Shi na farautar me yake yi in ya shiga nama?"

"Yana buɗewa, ya zauna a dunƙule. Akwai ma na jan ƙarfe zalla, babu darma sam."

"Naka fa?"

"Wani lokaci yakan tarwatse."

"Wani lokaci." Ta ɗaga farantin ta girgiza, ɓarɓashin ya yi ƙara. "Saboda yatsa uku ka kawo min wannan in dafa wa yarinya? Bakwai na gani da idona. Waɗanda suka zama gari fa, da wace wuƙar zan tsince su?"

"Cokali ɗaya ne fa, wallahi. Cokali ɗaya."

"Ko rabin cokali. Ranar da likita ta hana a sa mata kwallin nan saboda darma, ai kana tsaye. Sati biyu Hajiya ba ta amsa gaisuwata ba, kai kuwa ka lafe a kulob. Yau kai za ka je ka faɗa mata."

Mus'ab ya leƙa falo, ya dawo da kansa da sauri. "Ki dafa cinya mana. Cinya ta yi nisa da wurin."

"Hajiya ta ce kafaɗa, inda harbin ya shiga. Kuma ta ce a gabanta za a zuba."

Ya fara wani dogon zance da Larabci, alamar Hausarsa ta ƙare tare da hujjarsa. Mastura ta wanke hannu, ta gyara mayafinta, ta ɗauki katakon da naman a kai, ta ɗora farantin a gefe, ta wuce shi.

Ta durƙusa gaban surukarta. "Hajiya, a gafarce ni. Ina so ki ga wani abu kafin in ɗora tukunya. Darma ce ta watsu a cikin naman, ina tsoron cikin Haifa."

"Ke dai kullum da abin tsoronki," in ji tsohuwar. "Mu da muka girma muna tofar da darma daga bakinmu, ga mu nan ba mu mutu ba."

Kawu Haladu ya yi dariya. Mastura ta gyara durƙuso. Ta riga ta yanke a ranta, in ta kama ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki ta kulle, za ta yi, ko da fushin zai kai azumi.

Amma Hajiya Sadiyya ba farantin take kallo ba. Ta miƙa wa Kawu yarinyar, ta jawo katakon, ta sa tabarau. Ta juya kafaɗar, ta danna wurin da ya dagargaje, ta zura yatsa cikin raunin, bai yi nisa ba ya tsaya a kan ƙashi.

"Mus'ab."

"Na'am, Ummi."

"Wannan harbin bai kai zuciya ba. A nan ya fashe, a waje. Ni 'yar maharbi ce, na fi shekara goma ina riƙe wa Baba ƙafa yana fiɗa. Dabbar nan ba ta faɗi nan take ba. Gudun nawa ta yi?"

Mus'ab ya gyara tsayuwa a bakin ƙofa.

"Kaɗan ne, Ummi."

"Kaɗan nawa?"

"Kamar... sulusin awa. Mun bi ta a mota."

"Da ƙafa uku. Baiwar Allah." Ta cire tabarau. "Wa ya ƙarasa ta?"

Mus'ab ya dubi kafet. "Abdulmohsen."

"Mita ɗari huɗu da ashirin," Kawu Haladu ya faɗa a hankali, yana rausaya Haifa. "Ga iska daga hagu."

"To ai ba ka yi harbin fari ba tukuna," in ji Hajiya. Ta ɗauki cokalinta ta mai da shi cikin hankici. "Jikata ba za ta buɗe baki da naman da aka wahalar ba, balle na harbin ɗan wani. Mastura, yanke wannan wurin ki zubar. Sauran ki soya wa waɗannan manyan. Kai kuma ka koma wani satin, ka yi abin da ya dace, ka kawo. Cokalina yana jira."

Mastura ta kwashi katakon ta koma kicin. Ta tsaya gaban famfo tana kallon bango. Ba wanda ya ce ta yi gaskiya. Kuma wani satin ma akwai wata kafaɗar, da wannan cokalin, da wannan mutumin da yatsunsa uku.

Bayan la'asar, da baƙin suka tafi, Mus'ab ya fito wanka ya tarar da ita a bakin ƙofa cikin abaya, Haifa a kafaɗa, makullin mota a hannu.

"Ina zuwa kuma?"

"Shagon nan naku. Kai ka shiga da lasisinka, ni kuma in karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin."

"Ke da kika ce ko sunan bindiga ba kya son ji a gidan nan?"

"Har yanzu ba na so." Ta miƙa masa makullin. "Na jan ƙarfen za ka saya, ka je kulob ka yi ta harbi har yatsun nan uku su dawo ɗaya. Yalla, kafin su rufe don magariba."