Gefen Yagana

"Kada ka sa mata guduma, Pius! Lallaɓa ta ake yi."

Alhaji Mijinyawa ne ya faɗi haka yana tsugune a bakin ramin gareji, ya tattare babbar riga a cinya, yana leƙen ƙarƙashin motarsa kamar mai jiran haihuwa. Daga cikin ramin, Pius bakanike ya amsa ko ɗagowa bai yi ba.

"Baba, tun watan jiya nake lallaɓa shi. Wannan noti ne na ƙarshe. In bai ji guduma ba, ba zai zauna ba."

Ya buga. Alhaji ya runtse ido.

Motar dai ba baƙuwa ba ce a garin Bauchi. Ja ce, 'yar ƙarama, kujera biyu, rufin tamfol, sitiyarinta a dama. Alhaji ya saye ta ne tun yana ƙaramin akawu a ma'aikatar gona, a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma gida. Matarsa Yagana, Allah ya jiƙanta, ita ta raɗa mata suna Akushi, sunan kuma ya bi ta har yara na rera shi a hanya. Yagana Babarbariya ce, shi kuwa Bafillace, don haka aurensu kaf a tsokana ya tafi. Ita ta ce ba wanda zai sayi motar da ba ta ɗaukar ko ɗan akuya sai Bafillace, don kada wani ya ce a rage masa hanya. Shi kuma ya ce ba mai zagin mota ta kuma ƙi fita daga cikinta sai Babarbariya. Da gaskiyarsa. Duk ranar Asabar ta Allah, sama da shekara talatin, tana nan a kujerar hagu sun nufi gonarsu ta Zungur, tana yi masa faɗa a kan gudu.

Bayan rasuwarta Akushi ta lalace. Gabanta ya riƙa ƙara, sitiyari ya yi sako-sako, har ran nan ta kwashi Alhaji ta jingina shi da katangar maƙwabcinsa a Gwallameji. Bai ji ciwo ba, amma 'ya'yansa sun tsorata. Suka yi shawara, suka wakilta autarsu Khadijatu, don ita kaɗai ce ba ya iya yi wa tsawa. Sharaɗin da ta kawo ɗaya ne: a gyara gaban motar gaba ɗaya, ranar da aka gama ita za ta zauna a gefensa. In ya kai ta gida lafiya, mota tasa ce. In ya kauce, ya miƙa makulli, ya koma hawa keke Napep kamar kowane dattijo.

Yau ce ranar. Alhaji ko karin kumallon kirki bai yi ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, ko da yake da za a tambaye shi cewa zai yi kunun ne bai yi daɗi ba.

Pius ya fito daga ramin yana goge giris a wando. A Bauchi aka haife shi, a nan bayan Ƙofar Dumi ya gaji garejin daga ubansa, kuma shi kaɗai ya yarda ya taɓa Akushi, sauran bakanikai duk sun ce kayanta sun ƙare a duniya. Ya bi ya nemo su ɗaya bayan ɗaya, wasu daga Jos, wasu daga Legas, robobin da aka rasa kuma ya yanka da hannunsa daga tsohuwar taya.

"Zo ka ga abin mamaki, Baba," in ji shi.

Ya jawo tsofaffin sifirin guda biyu, ƙarafan nan masu ɗaukar nauyin mota, da ya ciro daga gabanta, ya tsayar da su a ƙasa kusa da juna. Na hagu ya dusashe, ya gajarce, bai kai kafaɗar ɗan'uwansa ba.

"Na dama lafiya lau. Na hagu ya kwanta. Shi ya sa motan yake ja hagu tun da can, ya cinye roba, ya cinye taya. Baba, me kake ɗauka a wannan gefe? Siminti?"

Alhaji ya dubi sifirin ɗin, ya yi gyaran murya.

"Kai dai yi aikinka," ya ce.

Pius ya yi dariya, ya ɗauko zarensa. Shi ba ya kai mota wurin na'urar daidaita taya. Zare yake ɗaurawa daga tayar baya zuwa ta gaba, ya kwanta a ƙasa ya rufe ido ɗaya, ya murɗa nan, ya sassauta can, har tayoyin su tsaya daidai da zaren. Yana cikin haka keke ya sauke Khadijatu, siririya, da jakarta ta ofis a kafaɗa da fuskar da ta shirya tun daga gida.

"Ina wuni, Baba. Sannu da aiki, Malam Pius. An gama?"

"An gama, Anti. Ko amarya albarka."

Aka sauke Akushi daga kan ramin. Ta tsaya cak, kafaɗunta daidai, abin da Alhaji ya manta rabon da ya gani. Ya zagaya ta, ya shafa ta, amma haka kawai ya ji wani abu bai kwanta masa ba, kamar ya shiga ɗakinsa ya tarar an sauya wa gado wuri.

Ya yi bisimilla ya tayar. Suka lallaɓa cikin lungu, 'yan acaɓa na ɗaga hannu suna "Akushi ta dawo!", har suka hau kwalta. Nan fa Alhaji ya gyara zama, ya sa giya, ya ce wa 'yarsa, "Auta, riƙe ɗankwalinki."

Ba su yi nisa ba motar ta fara zamewa dama. Ya dawo da ita. Ta sake zamewa. Karo na uku tayar gaba ta sauka daga kwalta, ta nufi wani mai rake da ke zaune abinsa yana fere.

"Baba! Baba, birki!"

Ya taka. Akushi ta tsaya hancinta na shafar baro. Mai rake ya tsallake kwata da wuƙarsa a hannu, daga can ya juyo ya ce, "Alhaji, in rake kake so ai sai ka yi magana."

Khadijatu ba ta yi dariya ba.

Pius, da ke biye da su a babur, ya iso. Alhaji ya fito yana haki, ya nuna shi da yatsa.

"Ka ɓata mini mota! Kai da zarenka kamar tela! Da can tafiya take yi sak, yanzu dama take ja."

"Baba, shiga gefe ka gani," in ji Pius.

Khadijatu ta fito ta ba shi wuri, Alhaji ya zagaya ya shiga kujerar hagu, kujerar da bai taɓa zama a kai ba tun da ya sayi motar. Pius ya ja su a hankali kan miƙaƙƙiyar hanya, ya saki sitiyari, ya ɗaga hannu biyu sama. Akushi ta tafi sak, ko gezau. Ya juyo da su, ya sake yi. Haka dai.

Suka tsaya wurin Khadijatu. Alhaji bai fito ba. Ya ɗora hannayensa a gwiwa yana kallonsu, sai ya ga na dama ya ɗan lanƙwashe, yana danna ƙasa, kamar har yanzu yana riƙe da sitiyari. Sama da shekara talatin mota na ja hagu, shi yana ja dama, har ya manta yana yi. Yanzu an gyara motar, an bar shi yana jan abin da ba ya nan.

"Ba laifin Pius ba ne," ya ce a hankali. "Auta, kin ga guntun sifirin nan na gareji? Ba siminti ba ne. Uwarki ce."

Pius ya cire hularsa.

"Na sha gaya mata ta rage burabusko," in ji Alhaji. "Ta ce in motar ta gaji, ta faɗa da bakinta."

Kewarta ta taso masa gaba ɗaya, irin wadda bai ji ba ko ranar sadakar arba'in. Ya kau da kai ya goge ido da hannun riga. Sannan ya zare makulli, ya miƙa wa 'yarsa.

"Ungo. Magana ɗaya ce, na kauce."

Khadijatu ta karɓa. Ta daɗe tana juya shi a tafin hannu. Sai ta dubi Pius.

"Malam Pius, sifirin ɗin nan kada a sayar wa 'yan gwangwan. A kawo mana gida."

"Yau ɗin nan, Anti. Da kaina."

Ta buɗe ƙofar hagu ta tsaya.

"Baba, tashi mini daga kujera. Ba wurinka ba ne."

Ya ɗago ya dube ta.

"Motar an gyara, saura direba," ta ce, tana miƙa masa makullin. "Duk Asabar zan zo mu je Zungur, har hannun ya saba. Kafin nan ba ka fita kai kaɗai. Kuma in ka wuce gudun keke, na faɗa wa su Yaya."

Alhaji ya zagaya ya zauna a mazauninsa. Ya sa makulli, ya tsaya, ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"To, amma sai kin ƙara cin tuwo. Kujerar nan ba ta saba da 'yan tsirit ba."

"Rowar Fulani ce ta hana ni ƙiba," in ji ta. "Tayar mu tafi."

Suka hau hanyar Gwallameji a hankali, masu keke na wuce su suna danna oda. Can gaba kaɗan hancin Akushi ya fara leƙa dama. Khadijatu ta miƙa yatsu biyu ta kama gefen sitiyarin, ta ja shi hagu, tana yi masa faɗa a kan gudu.