Jirgin da Ke Bin Gwaggo

Sati uku ke nan Gwaggo ba ta taka jirgin ƙaninta ba, gidansa ma ba ta leƙo ba. Wannan shi ne labarin farko da Injiniya ta tarar ranar da ta zo hutu, tun jakarta na kafaɗa. Mama ce ta ba ta shi a bakin kicin, tana magana ƙasa-ƙasa tana danne dariya, don maigidan na zaune a tsakar gida.

Injiniya suna ne da aka liƙa mata tun tana 'yar shekara tara, ranar da ta kwance rediyon gidan ta kasa mayarwa. Yanzu sunan ya zama gaskiya, don gyaran injinan lantarki take yi a wata masana'anta a birni. Mahaifinta, wanda mutanen bakin tafki ke kira Kyaftin, yana da jirgin ruwa mai inji, mai cin mutum goma sha biyu, yana tsallakar da mutane safe da yamma. Yayarsa kuwa, Gwaggo, ita ce shugabar makarantar 'yan mata da ke ƙetare, kuma shekara shida tana zama a kujera ɗaya, ta biyu daga gaba a hannun dama. Mace ce mai jiki, wadda in ta yi gyaran murya ɗalibai ɗari uku sukan yi tsit.

Abin ya faro ne bayan an fitar da jirgin an yi masa fenti. Ranar da ya koma ruwa, yana ɗaukar gudu sai ya karkata dama, ya yi ta kwanciya har ruwa ya fara fallatso wa Gwaggo a hannu. Kyaftin ya rage wuta, ya roƙe ta ta koma hagu. Ta koma, ya ƙara wuta, jirgi ya bi ta hagu. Aka ce ta zauna a tsakiya. Nan ya ɗan natsu, amma da ta sunkuya gefe don ta ɗauko jakarta, sai ya sake bin ta. Wata mai sayar da kifi ta kasa riƙe dariya, sauran fasinjoji suka taya ta. Maimakon Kyaftin ya ja bakinsa, sai ya ce ko dai a riƙa yi wa Yaya sawu na daban.  Gwaggo ta sauka a ƙetare, da yamma ta dawo ta hanyar mota, zagayen awa biyu maimakon minti ashirin, kuma tun ranar haka take yi.

Mama ta ce abin da ya fi ba ta dariya shi ne, Gwaggo ta tafi amma karkata ba ta tafi ba. Jirgin ya ci gaba da bin duk gefen da ya fi nauyi, ko da buhu ɗaya ne, har Kyaftin ya koma tafiya a hankali, fasinjoji na makara. An kira wani makanike, ya canza fiyus, ya bubbuga nan da can, ya ce akwatin da ke daidaita jirgin ya mutu sai an sayo sabo.

Washegari Asabar, ba fasinja da safe. Injiniya ta ɗauki 'yar jakar kayan aikinta ta bi mahaifinta bakin ruwa. Bai ce ta zo ba, bai kuma ce ta koma ba, sai dai ta lura ya rage sauri don ta cim masa.

Jirgin na ɗaure a jikin gadar katako, fari tas, da layin shuɗi, yana ta ƙamshin fenti. Ta fara da abin da kowa zai fara da shi. Ta ɗaga katakon ƙasa ta duba ko ruwa ya taru a gefe ɗaya, ta tarar da wurin a bushe. Tankin mai yana tsakiya inda ya saba, batir ma haka. Ta sa mita a kan batir, wuta ta cika. Fiyus ɗin da makanike ya sa lafiya lau, tsohon da ya cire ma, wanda ta tsinta a cikin gwangwanin ƙusoshi, lafiyarsa ƙalau.

Daga nan ta koma kan abin da ake zargi. A bayan jirgin, daidai bakin ruwa, akwai farantan ƙarfe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da sandar lantarki mai tura shi ƙasa ko ta ɗaga shi. In jirgi na gudu aka sauke faranti, ruwa kan tokare shi ya ɗaga wannan gefen. Akwai kuma wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari mai jin karkatar jirgi, shi ke sauke farantin da ya dace da kansa ba sai direba ya taɓa ba. Ta duba akwatin. Yana zaune daidai, kibiyar da ke jikinsa na kallon gaba, koriyar fitilarsa na ci. Ta kwanta rub da ciki a bayan jirgin ta leƙa, ta ce Baba ya danna maballin hannu na dama, sannan na hagu. Farantan suka sauka har ƙarshe, suka hau har ƙarshe, ba gargada. Wani abu ya ɗan tsaya mata a rai, ta kasa gane ko mene ne, ta ce su fita ruwa.

Su biyu kawai a ciki. Kyaftin ya ba shi wuta, hancin jirgi ya ɗaga ya sauka, suka miƙe. Ta zauna a tsakiya, komai lafiya. Sai ta matsa dama taku biyu. Jirgin ya ɗan sunkuya kamar yadda kowane jirgi zai yi, sannan ta ji ƙugin sandar lantarki a baya, ya ƙara kwanciya, ya ƙara, har ta kama ƙarfen rumfa. Ta rarrafa hagu, ya biyo ta. Ta dubi mahaifinta, ita da iska mai ƙarfi kan iya turewa, ta ce, "Baba, ni ma sawu na daban za a yi mini?"

Ya kau da kai yana kallon ruwa, amma ta ga gemunsa na motsi.

Ta tambaye shi ko ya taɓa kashe akwatin ya yi tuƙi haka nan. Ya ce ina, ai akwatin ne ke riƙe da su, in da shi ana wannan karkata, in babu shi ai sai kifewa. Ta lallaɓa shi ya rage wuta, ta ɗaga farantan duka biyu, ta kashe akwatin, suka sake gudu. Ta yi dama, ta yi hagu, har da ɗan tsalle, jirgin bai yi komai ba sai 'yar sunkuyawar da ba ta kai a ambata ba. Nan ta gane akwatin bai mutu ba. Yana jin karkata sarai, yana kuma ba da umarni, amma umarnin a juye yake isa. In ya ce a ɗaga dama, hagu ake ɗagawa, shi kuma da ya ga abin ya ƙaru sai ya ƙara turawa.

Suka koma gada. Ta kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, ta cusa kai da tocila. Wayoyi biyu masu kauri ne suka fito daga akwatin suka nufi baya, ɗaya da jan zobe ɗaya da kore, kuma kowacce tana cikin ramin 'yar uwarta. An naɗe mahaɗarsu da sabon salatif baƙi, naɗi mai kyau, an kuma lanƙwasa bakinsa don ya yi sauƙin warwarewa. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai lanƙwasa bakin salatif haka, shi ne ma ya koya mata.

Ta daɗe da kai a cikin ramin fiye da yadda aikin ke buƙata, tana neman yadda za ta faɗa. Da ta fito sai ta tambaya kawai, kamar ba komai, ko an taɓa wayoyin nan lokacin fenti.

Fuskar Kyaftin ta washe. Ya ce ai shi ya gyara su da hannunsa. Lokacin da jirgi ke kan tudu ne ya samu damar ganin farantan da idonsa, ya danna maballin hagu sai ya ga farantin dama na motsi, ya danna na dama na hagu ya motsa. Shekara shida ana yawo da kuskuren mutanen kamfanin da suka haɗa jirgin ba wanda ya lura. Sai ya musanya su, yanzu dama na dama, hagu na hagu, kamar yadda hankali zai ɗauka.

Abin da ya tsaya mata a rai ɗazu ke nan. Ta ɗauko murfin akwatin kayan aiki ta riƙe shi a kwance a kan tafukanta, ta ce wannan ne jirgi. Ta tura kusurwar baya ta dama sama da yatsa, kusurwar gaba ta hagu ta yi ƙasa. Ta ce maballan ba farantai suke nufi ba, hancin jirgi suke nufi. Na hagu cewa yake a sauke hanci ta hagu, kuma farantin dama ne ke yin wannan aikin. Mutanen kamfani daidai suka haɗa.

Kyaftin ya karɓi murfin. Ya tura kusurwa ɗaya, ya kalli ɗayar. Ya sake, ya juya shi ya sake. Sannan ya zauna a kujera ta biyu daga gaba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"To wa zai gaya wa Yaya?" ya ce.

Dariyar da ta riƙe tun jiya ta ƙwace mata, shi ma ya biye mata, har wani mai gyaran raga a kan gada ya ɗago yana kallonsu. Gyaran kansa bai kai minti biyar ba. Ta bar shi ya mayar da wayoyin da kansa, ja a ramin ja, kore a ramin kore, ita tana haska masa. Suka kunna akwatin suka fita gwaji. Ta matsa dama, ƙugi ya tashi a baya, jirgin ya miƙe tsaye a ƙarƙashinta kamar an sa hannu an tallabe shi.

Gidan Gwaggo ita kaɗai ta je. Ta same ta a falo da tabarau a hanci da tulin takardun jarrabawa a gabanta. Bayan gaisuwa da tambayar aiki da faɗan me ya sa ta rame, Injiniya ta ce ta zo neman alfarma ne, an gyara jirgi ana son wanda zai gwada. Gwaggo ta ce a nemi buhunan siminti. Injiniya ta ce ai ita ma da safen nan jirgin ya bi ta dama ya bi ta hagu, har ta kusa shan ruwa. Gwaggo ta sauke tabarau ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tambaya ko da gaske take. Da ta tabbatar mata, ta rufe jan bironta ta ce a ba ta minti goma.

Ta fito cikin shigar da take yi ranar da masu duba makarantu za su zo. Kafin su isa gada labari ya riga su, mutane sun taru, har da mai sayar da kifin nan da kwandonta, Mama ma ta zo. Kyaftin ya miƙa hannu zai taimaka wa yayarsa ta shiga, ta yi kamar ba ta gani ba, ta shiga da kanta ta zauna a kujerarta. Mutum biyar suka bi su don ganin ƙwaƙwaf.

Jirgi ya ɗau gudu, ya miƙe daidai a kan ruwa, bai karkata ba. Gwaggo ta jira. Ta tashi ta koma hagu, ta jira. Ta dawo dama ta jingina da bango da gangan, ta sa mai kifi ta dawo kusa da ita, ta ce a miƙo kwandon ma. Ƙugi kawai ake ji a baya, jirgin na tafiya sumul. Sai ta juya ta tambayi Injiniya abin da ya lalace. Injiniya ta fara kame-kame, tana cewa wasu wayoyi ne suka ɗan sami matsala. Gwaggo ta ce shekara talatin tana sauraron yara masu rufa wa juna asiri, waya ba ta sauya rami da kanta.

Kyaftin ya rage wuta har inji ya koma raɗa. Ya juyo ya ce, "Ni ne, Yaya. Na ga kamar an yi kuskure na gyara, ashe ni ne kuskuren. Maganar da na faɗa kuma, ki yafe mini."

Gwaggo ta ce na baya ba su ji ba. Ya maimaita da ƙarfi, na baya suka ce sun ji. Ta gyaɗa kai, ta ce wannan tun yana yaro haka yake, ya taɓa gyara agogon babansu aka yi wata guda ana tashi kafin zakara. Mai kifi ta soma ba da haƙuri ita ma, Gwaggo ta ɗaga mata hannu ta ce ya wuce. Sannan ta miƙe ta nufi sitiyari, ta ce ya matsa, shekara shida tana kallon yadda ake yi.

Ya dubi 'yarsa, ta ɗaga kafaɗa. Ya matsa, ya tsaya a gefe hannunsa na shawagi kusa da sitiyarin, yana nuna mata inda ake ƙara wuta, yana cewa a hankali, a hankali. Gwaggo ta tura shi gaba fiye da yadda ya ce. Iska ta cika mata mayafi, fasinjoji suka riƙe kujeru, Injiniya ta ji wata irin dariya ta fito daga bakin gwaggonta, siririya kamar ta yarinya, wadda ba ta taɓa ji ba. Sau biyu suka zagaya tafkin kafin ta yarda ta mayar masa da jirginsa, shi ma don Mama na ta ɗaga hannu daga kan gada ne tana nuna abinci na hucewa.