Yadda Na Ɓoye Dusar Ƙanƙara

Ina da wani ɗan aibi wanda matata ta riga kowa ganowa: idan na rubuta abu sau biyu da hannuna, sai in fara yarda da shi. Shi ya sa aikin da aka ba ni a ofishin ƙauyenmu, Okunagi, bai dace da ni ba. Ni ne mai rubuta takardar da ake aika wa mutanen birni don a kwaɗaitar da su su dawo nan da zama. A shafin farko na rubuta: "Ƙauye mai lokuta huɗu, kowanne wata uku cif." Shekara shida ke nan ana buga ta haka.

Ba ni na ƙirƙiro zancen ba. A littafinmu na aji biyu akwai zanen shekara, da'ira ce an yanka ta gida huɗu daidai wa daida. Furen bishiyar ceri a yanki ɗaya, yara na shan kankana a bakin ruwa a na biyu, jan ganyen kaka a na uku. A na huɗu akwai ɗan mutum-mutumin ƙanƙara da bokiti a kansa, dusar da ke ƙasa kuwa ko idon sawu ba ta kai ba. Na tashi ina ɗauka wannan ce shekarar gaskiya, tamu kuma kuskure ce da ake ta maimaitawa. A nan ƙanƙara kan fara zuba a ƙarshen Nuwamba, ta kai mita uku a Fabrairu, ragowarta kuma tana nan jibge a bayan gida har Mayu, ta yi baƙi da datti. Shekarata hamsin da biyu, amma duk Maris sai na leƙa taga ina neman fure.

A bara ɗaliban makarantar ƙauyen suka ragu zuwa huɗu. Hukumar ilimi ta ce idan Afrilu ya zo ba su kai shida ba, za a rufe. A makarantar na yi karatu, matata Sumie kuma ita ke dafa wa yaran abincin rana. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga wata mata mai suna Nagamine Chizuru, daga wani birni can kudu. Ita da mijinta sun gaji da birni, noma suke so su yi, suna da 'ya'ya mata biyu 'yan firamare, kuma suna so su zo su ga wurin. Huɗu da biyu, ko ni na iya wannan lissafin. Na zaɓa musu ƙarshen Oktoba, lokacin jan ganye, don shi kaɗai ne yankin da'irar da muke samu kamar yadda aka zana shi.

Abin da na manta shi ne a ƙarshen Oktoba kowa yake shirin sanyi. Ana rufe tagogin ƙasa da katako, ana ɗaure rassan bishiyoyi da igiya don kada nauyi ya karya su, ana kafa dogayen sanduna masu ja da fari a gefen titi don a gane inda titin yake idan ya ɓace. Saura kwana uku baƙin su zo, na tarar da maƙwabcina Baba Genzo a kan tsani, ƙusa a baki.

"Baba, a taimaka a bar katakon nan sai Litinin. Baƙi za mu yi."

Ya tofar da ƙusar a tafin hannunsa. "Baƙin ne za su zo su tare min taga a Janairu?"

"Kwana biyar ne kawai, Baba."

"Kai Shigeru, tun kana yawo ba wando kake da wannan ciwon. Je ka gaya wa sama ta jira Litinin, ni ma sai in jira."

Da ƙyar ya yarda ya cire katakon tagogin da ke kallon titi. Na bi gida goma sha ɗaya da wannan roƙon, na sha dariya a tara. Da na koma gida na tarar da Sumie tana jera kayan lambun da za ta jiƙa a gishiri don ajiyar sanyi, na zauna a bakin ƙofa.

"Sumie, tsakaninki da gaskiya, lokuta nawa muke da su a shekara?"

"Uku," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Shirin ƙanƙara, ƙanƙara, sai taɓo."

"Zafi fa?"

"Ai yana cikin shiri. Yaushe kake faskaren itace?"

Na tambayi shugabar makaranta, ta ce biyar ne, don ita tana ƙirga makonnin da ƙasa ke fari amma sama ta yi shuɗi. Direban motar da ke share ƙanƙara a titi ya ce biyu ne: lokacin da yake barci da lokacin da ba ya yi. Na koma ofis na buɗe takardata, na ga huɗu, hankalina ya ɗan kwanta.

Ran Asabar suka sauka daga bas. Chizuru doguwa ce mai takalmin roba, mijinta Ryohei yana bin ta da littafin rubutu. Yaran suka ruga filin makaranta. Duwatsu sun yi jajawur, sama tas. Na ji kamar ni na shirya su.

"Hokari-san," Chizuru ta kira ni da sunan gidanmu cikin girmamawa, tun ba mu bar tasha ba, "ƙanƙararku tana kaiwa ina?"

"Daidai misali," na ce, na sa hannu a gwiwa.

Ta dubi mijinta. Fuskarta ta canza. Na ce a raina na yi yawa, mutanen kudu ne. Na sauke hannun zuwa ƙwauri.

"Wasu shekarun ma nan take tsayawa."

Ryohei ya rubuta wani abu, ya ja layi a ƙarƙashinsa.

"Wata nawa take yi kwance a gona?"

"Uku. Sanyi ai wata uku ne."

"Ba ta kaiwa Afrilu?"

"Afrilu? Haba, Nagamine-san. Afrilu ai fure ne."

Ta ce "To," irin wadda ake ce wa likita. Na rasa gane kanta. Duk abin da na rage, sai fuskarta ta ƙara faɗuwa, ni kuma ban san wata hanya ba sai ragewa. Muka zo gidan Baba Genzo, ta tsaya tana kallon bene.

"Waccan ƙofar ta sama fa? Ba ta da matakala."

Ƙofar da ake fita ta cikinta ce a Fabrairu, idan ta ƙasa ta nutse a ƙanƙara. Kowane tsohon gida yana da irinta.

"Ta shanya katifa ce," na ce.

Ashe Baba Genzo yana bayan shinge. Ya leƙo. "Ƙwarai kuwa, 'yata, ta katifa ce. A Fabrairu ta nan muke fito da katifa, mu hau kanta, mu tafi kanti."

Na yi dariya da ƙarfi don ta gane wasa ne. Ba ta yi ba. Ta nuna sandunan gefen titi, waɗanda suka ninka tsawona.

"Ado ne," na ce, kafin ta tambaya.

A gonar da ƙauye ya ware musu ta durƙusa, ta damƙi ƙasa, ta murza, ta shinshina. "Ryohei, zo ka gani. Ƙasar ta yi. Kash." Na so in tambaye ta kash ɗin na mene ne, amma na ji tsoron amsar.

Muka ci abincin rana da aka shirya wa baƙin a makaranta: shinkafa sabuwa, miyar miso ta waken soya da naman kaza, da gasasshen kifi. Yara shida a teburi ɗaya, suna faɗa a kan cokali. Shugabar makaranta ta juya baya tana goge tabarau. Sai Chizuru ta je wajen tukunya.

"Uwargida, da gaske ne ƙanƙararku ba ta da yawa?"

Sumie ta dube ni, ludayi a hannu. Na yi mata alama da gira.

"Maigidana ne ke rubuta takarda," ta ce. "Ni miya nake dafawa. A ƙara miki?"

A tasha na yi ƙoƙarina na ƙarshe. Na ce musu a nan ba za su ma san an yi sanyi ba. Ryohei ya rufe littafinsa, ya rusuna, ya ce sun gode da na faɗa musu gaskiya tun da wuri. Bas ta tashi. Na tsaya ina juya maganar, ban gane ko yabo ba ce.

"Ka tambaye su abin da za su noma?" in ji Sumie a hanyar gida.

"Noma ai noma ne."

Ta wuce gaba, ta bar ni a baya.

Wasiƙarsu ta zo a tsakiyar Disamba, ranar da na fara sauke ƙanƙara daga kan rufi. Gajeriya ce, cike da ladabi. Sun gode da shinkafa, yaran suna gaida abokansu, amma sun sami wuri a wani ƙauyen. A ƙarshen Maris aka rufe makarantar. Na halarci taron a cikin takalmin ƙanƙara.

Ƙauyen da suka koma shi ne Hebizuka, a bayan dutsenmu, inda ƙanƙara ta fi tamu da mita guda. Karas suke nomawa, irin wanda ake bari a gona ƙarƙashin ƙanƙara har Afrilu don ya yi zaƙi. Ƙanƙarar da ta gaza mita biyu ba ta isar sa.