Har Zuwa Layi

Inna ta jingina wayar da butar shayi, ta gyara wa Baba zaman hularsa, sannan ta zauna a gefensa ta yadda hannunta ba zai fito a hoto ba. Tun jiya suka shirya wa wannan kiran bidiyon. Idan ta matsa gwiwarsa sau ɗaya, e ke nan, sau biyu kuwa a'a.

Wata tara ke nan da hawan jinin ido ya rufe masa gani, sai ɗan haske-haske da yake tsinkaya. Ya hana kowa gaya wa 'yarsu Auta. Shekararta shida da aure a wata ƙasa mai nisa, kuma a ganinsa babu abin da labarin zai ƙara mata sai kuka.

Wayar ta yi ƙara. Muryar Auta ta cika ɗakin, da amon rumfa mai faɗi a bayanta.

"Baba, ka gan ta? Irin taka ce sak!"

Mijinta ne ya sayi tsohuwar gingimari don jigilar kayan gona. Makanikan garinsu matatar iska ta takarda kawai suka sani, wadda ake cirewa a jefar. Wannan kuwa mai kwanon baƙin mai ce, irin wadda Baba ya shekara arba'in yana wankewa a garejinsa.

"Na gan ta," in ji shi. "Tsohuwa ce, sai da lallashi. Kwance notin nan mai kunnuwa biyu, ki sauke kwanon a hankali. Kada ki karkata shi, zai ɓata miki riga."

Ya ji ƙarfe ya goga ƙarfe, hannayensa suka motsa a kan cinyarsa kamar su ke aikin.

"Baba, dubi gindinsa. Wannan dauɗar ta yi yawa ko?"

Inna ta matsa sau ɗaya.

"Ta yi. Mai motar nan ya zalunce ta. Zubar da man, ki kankare laka, ki wanke da kananzir. Ragar ƙarfen matatar ma ki tsoma ta ciki, ki girgiza har ya fito fes. Ban da fetur, kin ji? Sannan ki rataye ta ta tsane."

Suna jiran ragar ta tsane, Auta ta yi ta zuba. Ta ce warin kananzir ɗin ya tuna mata rigarsa ta aiki da Inna ke hanawa a shigo da ita ɗaki. Baba ya yi dariya har da tari. Ya so ya tambaye ta ko ta yi ƙiba, ko har yanzu tana tattare goshi idan tana aiki. Ya haɗiye tambayar.

Aka yi sallama a ƙofar gida, aka sake yi. Inna ta raɗa masa cewa yanzu za ta dawo, ta miƙe.

"Baba, ga kwanon. Akwai layi a ciki. Duba mini, man ya kai?"

Ya sa hannu ya laluba gefensa, babu kowa. Ya ƙura wa hasken ido.

"Ya kai. Kada ki ƙara, idan ya wuce layi inji zai zuƙe shi."

Can ya ji Auta ta ajiye kwanon, ya yi ƙarar abin da babu komai a cikinsa.

"Ban zuba ba tukuna, Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Tun da muka fara, ba ni kake kallo ba. Tun yaushe?"

"Tun bayan da kika haihu."

"Ke nan hotunan jikanka duk da nake turowa..."

"Innarki tana faɗa mini. Ta ce hancina ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri."

Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Inna ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta zauna ba.

"Zuba man, Auta," in ji Baba. "Ki sa yatsa a kan layin, za ki ji ya taɓa ki. Ni ma haka nake yi tun idona na gani. Ki duba robar bakin kwanon kafin ki ɗaure."

Ta yi yadda ya ce, tana jan hanci. Da ta tayar da motar, inji ya yi tari sau biyu, sannan ya daidaita. Baba ya karkata kai, ya matso da kunnensa kusa da wayar.

"Yauwa. Yanzu take numfashi. Bar ta ta ɗan yi."

Su uku suka saurari injin yana ta gunji daga can. Daga baya Auta ta ɗaga murya don a ji ta.

"Inna, ɗakina har yanzu akwatunan sifanu da kayan garejin Baba ne a ciki?"

Inna ta buɗe baki, amma Baba ya riga ta.

"Ba su da yawa," in ji shi. "Ana iya kwashewa."