Takardar Gwanki

"Matta Bulus, daga Inkil!"

Sai da Malam Mansir, jami'in gandun daji, ya sake kiran sunan kafin Matta ya gane da shi ake. Yana can bayan taro, ya jingina da akori-kurarsa yana ɓarar gyaɗa. Maharba sama da ɗari ne suka cika harabar ofishin a safiyar nan, kowa an rubuta sunansa a 'yar takarda an nannaɗe an jefa cikin bokiti. Takardun izini shida kacal aka fitar a bana, kowace ɗaya ta harbin tsohon gwanki namiji guda a dajin Dutsen Mairiga. An riga an ciri biyar. Wannan ce ta ƙarshe.

Ihu ya tashi daga bencin gaba. Baffa Hammajoda ne, maƙwabcinsa, ya miƙe yana kaɗa sanda, hula ta karkace.

"Tamu ce! Wallahi tamu ce! Matta, ina ka shige? Taho ka karɓa kada su ce ba ka nan!"

Shekara goma sha ɗaya ke nan katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Matta mutumin Bogoro ne, yana jigilar hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Muda Lawal. Baffa kuwa shekara talatin ya yi yana gadin daji kafin ya yi ritaya. Mahaifinsa maharbi ne da aka sani, amma shi bai taɓa harbin gwanki ba. Yana yaro an ce ya bari ya girma, da ya girma kuma aikinsa ya zama hana wasu. Tun da ya ajiye aiki yake shiga ƙuri'ar nan, shekara takwas a jere, sunansa bai taɓa fitowa ba. A bana ne ya tisa ƙeyar Matta ya sa aka rubuta shi, tunda Matta yana da bindiga mai baki biyu da ya gada, da lasisinta, ko da yake bai taɓa kashe abin da ya wuce zabo da ita ba.

Matta ya karɓi takardar, ya matsa kusa da jami'in ya yi ƙasa da murya.

"Ranka ya daɗe, ba za a iya mayar da ita sunan dattijon nan ba? Shi ne mai abin. Ni rakiya na yi."

"Ba a yi," in ji Malam Mansir. "Wanda sunansa ya fito shi zai harba. An yarda ka tafi da mutum ɗaya, amma ba zai riƙe bindiga ba. In ba ka so, ka mayar mu sake ciro wani."

A hanyar gida Matta ya ɗaure fuska yana tuƙi har suka wuce shataletale. Baffa ya kalle shi ta gefe.

"Me ya same ka kamar an ce motarka ta ƙone?"

"Baffa, naka ne ya kamata ya fito."

"To, ai ya fito. Hannu naka, ido nawa. Kai ka harba, ni in yi bisimilla in yanka, kowa a layinmu ya ci, ba mai cewa komai. Sati bakwai gare mu kafin a buɗe daji. A sati bakwai ko jaki na koya wa harbi."

"Na gode da yabo."

Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin ya daɗe bai sake shi ba.

Daga ranar, kullum bayan la'asar suna kan dakalin ƙofar gidan Baffa. Da bakin sandarsa yake zana dajin a ƙasa: ga dutsen, ga busasshen rafi, ga tafkin da ba ya ƙafewa sai watan Maris, ga inda namun daji ke zuwa lasar kanwa. Ya ɗaure toka a tsumma ya nuna wa Matta yadda ake karkaɗa ta a ga inda iska ta nufa.

"Gwanki yana yafe maka in ya gan ka, amma ba ya yafewa in ya ji warinka. Kuma ka lura, macen ma tana da ƙaho. A nan ake kuskure, a nan mutum yake jawo wa kansa kotu. Tsoho shi kaɗai yake yawo, gindin ƙahonsa kauri, bakin ya dakushe. Ina za ka sa masa harsashi?"

"Bayan kafaɗa."

"In ya faɗi fa?"

"In jira. Kada in tunkare shi ta gaba."

"Yauwa. Yana durƙushe ma yana farke cikin mutum."

Har rabon nama suka yi. Cinya ɗaya gidan liman, ɗaya gidan fasto, haƙarƙari na matan da mazansu suka rasu a layin. A'i, matar Baffa, takan leƙo daga zaure da ƙwaryar fura.

"Maman Anita," ta ɗaga murya ta kan katanga tana kiran Agnes, matar Matta, "zo ki karɓi naki. An ba ki hanta. Yanzu haka tana can daji tana shan ruwa, amma an ba ki."

A sati na uku Matta ya lura Baffa ya daina sa takalminsa na roba, ƙafafun sun kumbura ba sa shiga. A na huɗu ya fara tsayawa tsakiyar magana yana neman numfashi. Matta ne ya kai shi asibiti tare da A'i. Da suka fito daga wurin likita, Baffa ya ce ba komai, gishiri kawai aka hana shi. Sai washegari A'i ta faɗa wa Agnes a wurin ɗiban ruwa cewa likita ya ce zuciyar ta gaji, magani sai dai ya sauƙaƙa masa. Agnes ta faɗa wa mijinta.

Matta ya ci gaba da zuwa dakali kamar bai ji ba. Ya zaci shi yake ɓoye wa Baffa wani abu, har ranar da Abdulsalam mahauci ya tare shi a Muda Lawal yana sauke buhunan masara.

"Oga Matta, ashe da ni za a je daji? Baffa ya aiko aka kira ni shekaranjiya. Ya ce in wasa wuƙa, in shi bai samu zuwa ba ni zan yi maka yanka."

Matta ya tsaya da igiya a hannu. Da yamma ya zo ya tarar da Baffa a kan tabarma, an jingina shi da matashi.

"Baffa, gobe zan mayar da takardar nan."

"Saboda me?"

"Na ga Abdulsalam."

Baffa ya murza carbinsa.

"Mahauci da dogon baki. To, ka ji. Shekara takwas ina zama a bencin nan ina jin sunan wasu. Ranar da aka kira naka, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba tun haihuwar 'yata ta fari. Yanzu ka ce za ka mayar? In kana so ka yi mini wani abu, ranar Asabar an ba masu takarda izinin leƙa daji, ba bindiga. Ka kai ni."

A'i ta ce ba inda za shi. Baffa bai yi gardama ba, ya dai kalle ta. Ta shiga ɗaki ta daɗe, sannan ta fito da babbar rigarsa ta sanyi ta ajiye masa a gefe.

Ranar Asabar gari na wayewa suka tashi. Agnes ta cika fulas da kunun gyaɗa, ta cusa matashi biyu a kujerar gaba. A bakin daji wani mai gadi ya hau bayan mota, kuma da ya gane wanda ke ciki sai ya cire hula ya gaishe shi da ladabi. Matta ya tuƙa a hankali, yana kauce wa kowane rami. Baffa ne ke nuna hanya da yatsa, bai ɓata ko sau ɗaya ba. Suka tsaya a kan wani tudu da ke kallon tafkin, a ƙarƙashin wata bishiyar marke, Matta ya kashe inji.

Sun fi awa biyu a wurin. Gwaggon biri suka zo suka sha suka tafi. Matta ya fara tunanin wahalar banza ya ba tsohon. Sai Baffa ya damƙi hannunsa.

Daga cikin dogayen ciyayi ya fito, shi kaɗai, ja-ja mai tsayi kamar doki, fuskarsa baƙi da fari, ƙahonin sun lanƙwasa baya. Ya tsaya yana juya dogayen kunnuwansa. Ya taka zuwa bakin ruwa yana ɗan ɗingisa ƙafar baya.

"Ka gan shi?" Baffa ya raɗa. "Dubi kwiɓinsa, duk ya faɗa. Haƙoransa sun ƙare. Samarin garke sun kore shi."

"Baffa, ni ba zan iya ba in ba ka."

"Za ka iya. Wannan ba zai kai damina ba. In ba kai ba, kuraye ne, su kuwa ba sa jira ya mutu kafin su fara ci. Ka yi masa harbi ɗaya mai kyau. Shi ya sa nake ta damun ka da bayan kafaɗa."

Gwankin ya sha ruwa, ya ɗaga kai ruwan na ɗiga daga bakinsa, ya kalli tudun kamar ya san da su, sannan ya juya ya shige ciyawa. Baffa ya saki hannun Matta ya jingina da matashi. Idanunsa sun cika.

"Alhamdu lillahi. Zuba mini kunun nan na Maman Anita."

Ya sha rabin kofi, shi da rabonsa da cin abin kirki kwana uku ke nan.

Ranar Alhamis da hantsi Matta yana ƙofar gida yana duba man mota sai ya ji muryar A'i ta kan katanga. Ba ihu ta yi ba.

"Baban Anita, zo."

Ya tarar da Baffa a tsakar gida inda ya sa aka fito da shi ya sha rana. Ya zame daga kan matashi, numfashin yana fita da ƙyar. Matta ya durƙusa ya tallafo shi ya jingina da ƙirjinsa, don a zaune ya fi samun sauƙi. Ya ce bari ya tayar da mota. Baffa ya girgiza kai. A'i ta zauna a gabansa ta riƙe hannunsa tana karanta kalmar shahada a hankali, leɓunansa na bin ta. Agnes ta shigo ta tsaya a bakin zaure, hannu a baki. Matta yana jin bayan tsohon yana tashi yana sauka a ƙirjinsa, tazarar tana ƙara nisa. Sai ya jira na gaba, bai zo ba.

A'i ta shafa idanun mijinta ta rufe.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baban Anita, kwantar da shi. Je ka kira mini liman."

Bayan azahar aka yi jana'iza. Matta ya tsaya a gefen sahu, hannuwa a baya, har aka idar da salla. A akori-kurarsa aka ɗauki makarar zuwa maƙabarta. Maharba da yawa sun zo, har da Malam Mansir, wanda ya riƙe hannun Matta ya daɗe bai saki ba.

Da suka dawo, maza suka zauna a tabarmi a ƙofar gida. Agnes ta fito ta ce A'i tana kira. Ya same ta a ɗaki cikin mata, ta lulluɓe da mayafi. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Goggo, Allah ya ba mu haƙuri."

"Amin. Ya bar maka saƙo tun shekaranjiya. Ya ce in ka kawo maganar mayar da takarda, in ce maka bai yafe ba." Ta ɗan yi murmushi, hawaye na zuba. "Ya ce kuma hantar ta Maman Anita ce, kada Abdulsalam ya yi mata wayo."

Wata dariya ta kuɓuce wa Agnes, ta koma kuka.

"Zan je, Goggo," in ji Matta. "Ranar da aka buɗe zan je."

Ya fito tsakar gida bai san inda zai sa kansa ba. Daga bayan ɗakin girki ya ji kukan awaki. Tun safe ba wanda ya tuna da su. Ya zagaya ya tarar da su uku a turke, sun miƙe igiya suna leƙen hanya. Ya sauko da damin harawa daga kan rumfa ya warware musu, ya ɗauraye kwano ya cika da ruwa. Ƙaramar ta tura kai cikin tafin hannunsa tana neman dusa. Ya tsuguna a wurin ya bar mata hannun, yana jin muryar liman daga waje yana yi wa masu ta'aziyya addu'a.